Jinjina Ga Alhaji Mai Mota "Lafiya Lau"

Ranka ya daɗe, mai motar da "ko ƙwarzane babu", ka cancanci yabo, kuma yau sai an yi maka shi a bainar jama'a.

Wa ya kai ka tausayi? Ka san mai sayen nan ƙaramin ma'aikaci ne, da adashi da bashi ya haɗa kuɗin, sai ka ga bai dace a tayar masa da hankali ba. Ka sa bakanike ya cire ƙwan da ke nuna inji ba lafiya, ka ɗura baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya lafa, aka mayar da mita baya, har motar da ta tsufa a hanyar Kano zuwa Legas ta fito kamar amarya. Inda ta taɓa dakuwa an cike, an shafe da fenti. Dillalinka kuwa, Allah ya ƙara fasaha, ya rantse wata hajiya ce ke hawa, daga gida sai gidan biki. Ya karɓi la'ada a wajenka, ya karɓa a wajen mai saye, ya kashe wayarsa.

Da giya ta ƙi shiga, inji ya soma ƙara, bawan Allah ya dawo ƙofar gidanka, sai ilminka ya bayyana: "Ai ciniki ya faɗa, a yadda ka gan ta ka saya." Madalla da masanin doka! Ka haddace ƙa'idar nan ta mai saye ya buɗe idonsa, wadda Turawa suka bar mana tare da dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893. Tawali'u ne kawai ya hana ka tuna Risala da ka karanta a zaure, inda malaman Malikiyya suka bai wa wanda aka ɓoye masa aibi damar mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Sashe na 320 na dokar Penal Code, wanda ya yi bayanin zamba, shi ma ka bar wa ƙananan ɗalibai.

Sai takardu. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma taka, da ikon Allah, ta taso daga Kwatano ta iso da takardar kwastan fes. Ba ka so ka cika mai saye da surutu, sai ka bari jami'an kwastan suka yi masa bayani a kan titi, matarsa da 'ya'yansa na tsaye a rana.

Ga kuma samar wa jama'a abin yi. Lauya ya samu, mai buga takardar rantsuwa ya samu, mai shayin bakin kotu ya samu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin ciniki zalla, duk da haka maganar ta bi ta caji ofis kafin ta isa gaban majistare. Ana ta ɗage zama, motar na ajiye a matsayin shaida, tayoyi sun sace, batir ya mutu. Mutumin ya koma hawa Keke Napep, ana cire bashin daga albashinsa kowane wata, 'yan'uwa na ce masa ya bar wa Allah.

Kai kuwa kana sahun gaba kowace Juma'a. Alhaji, ka san abin da ka ɓoye ranar da kuka tafa hannu. Ka mayar wa mutumin nan kuɗinsa, ka je ka ɗauko motarka.