Daga Furojet Zuwa Bencin Mai Shayi: Jagoran Ɗan Ajin Ƙarshe

Ƙanena ɗan ajin ƙarshe, barka da arziki. An ce tun da ka shiga aji huɗu tafiyarka ta sauya, kana ratsa harabar makaranta kana jan ƙafa kamar da kuɗin aljihunka aka gina ofishin shugaban jami'a. Yi abinka, mu ma mun yi. Amma tunda abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, matso kusa in karanta maka abin da ba a sa a handawut.

Fara da sanin darajar sunan da kake ɗokin rabuwa da shi. Kalmar "ɗalibi" lema ce. Da ita kake yi wa kwandasta marairaita ya rage maka ɗari biyu. Da ita kake kiran Yaya Babba ranar ashirin ga wata ka ce an ƙara kuɗin littafi. Da ita kake zuwa ɗaurin aure hannu rabbana, ka ci shinkafa har da ƙari, ka shafa fatiha ka tafi ba wanda ya neme ka a gudummawa. Tsiyar ɗalibi tsiya ce mai lasisi, kuma lasisin yana mutuwa ranar da ka ajiye biro a jarrabawar ƙarshe. Saboda haka duk wata buƙata da kake jin nauyin faɗa, waya ce ko takalmi ko kwamfuta, bana ce shekarar faɗarta. Ka ce don furojet ne. Ba wanda zai bincika.

Idan aka tambaye ka yaushe za ka gama, kada ka kuskura ka ambaci wata. Digirin shekara huɗu a takarda yake shekara huɗu. A 2020 malaman jami'a sun yi kusan wata tara suna yajin aiki, korona kuma ta zo ta taya su rufe ƙofa. A 2022 sun tafi ranar 14 ga Fabrairu ba su dawo ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Akwai waɗanda suka shiga jami'a ba gashi a haɓa suka fito da furfura ɗaya biyu. Amsar da ba ta kunyata mutum ita ce: "Muna dai sa rai, Allah ya nuna mana."

To, sai furojet, wanda shi ne dodon shekarar. Wajen zaɓen take kada ka wahalar da kanka, akwai ma'auni da magabata suka bari: tasirin wani abu a kan wani abu, nazari a ƙaramar hukuma kaza. Ƙaramar hukumar kuwa taku za ka zaɓa, don ranar da ka je "tattara bayanai" ka ci tuwon gida. Za a ce ka raba takardun tambayoyi ɗari biyu. Ban ce ka tara abokanka shida a ɗaki ku cike su a dare ɗaya ba. Na dai ce idan Shaiɗan ya rinjaye ku, ku riƙa sauya biro, kuma kada dukkan manoman ƙauyen su fito da rubutun hannu irin na ɗan ajin ƙarshe.

Safabaizanka kamar jinjirin watan Sallah yake: kullum akwai wanda ya ji an ce an gan shi, amma kai ba ka taɓa gani da idonka ba. Haddace motarsa, launinta da lambarta da bishiyar da yake ajiye ta. Ƙulla zumunci da masinjan sashe, domin ya fi allon sanarwa sanin gaskiya. Ran da ka dace da malamin, zai karɓi babi na ɗaya ya mayar maka da shi bayan sati uku ya yi jina-jina da jan biro kamar an yanka kaza a kai. Ka gyara ka kawo, ya ce ka mayar da shi yadda yake da farko. Kada ka tuna masa. Ka ce, "Gaskiya Malam hakan ya fi ma'ana." Babi na biyu, inda ake bitar ayyukan magabata, a zamaninmu kwafa ake yi daga tsofaffin furojet da ƙura ta rufe a laburare. Ku kuma na ji ChatGPT kuke tambaya. Ba laifi, amma ka duba farfesoshin da ya jero maka ko an taɓa haifarsu, don yakan ƙirƙiro malami sukutum, da littafinsa da shekarar bugu, ba ko kunya.

Shafi ɗaya ne za ka rubuta daga zuciyarka, shafin godiya. Gode wa Allah, gode wa iyaye, gode wa safabaizan da ka gani sau uku "bisa jajircewarsa dare da rana". Amma kada ka sa sunan budurwa. Bangon furojet ya fi soyayyar makaranta ƙarko, kwafi ɗaya kuma zai zauna a laburare har 'ya'yanka su zo karatu su buɗe su tarar da sunan da ba na uwarsu ba. Ka ajiye aikin a wuri uku, har da imel ɗinka, domin kwamfutar shagon buga takardu tana da wata cuta da ba ta tashi sai ana gobe miƙa aiki. Ranar kare furojet ka aro kwat, ko da hannunta ya tsaya a gwiwar hannu. Duk abin da malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya faɗa, ko da bai buɗe aikin ba sai a mota, amsa ɗaya ce: "Na gode Farfesa, za a gyara."

A wannan shekarar ce kowa yake zama masanin lissafi. Maki 4.50 ne ƙofar daraja ta ɗaya, 3.50 babbar daraja ta biyu, 2.40 ƙaramarta. Za ka ga ɗan sashen Tarihi da ya tsani lissafi tun firamare, yana kan 3.46, ya cika bangon littafi da tarawa da rabawa yana neman inda 0.04 ta maƙale. Idan kuma kana da keri-oba tun ta aji ɗaya, za ka zauna jarrabawa da yaran da suka shigo bana. Shiga da fuskar shanu, ka zauna can baya. Wanda ya tambaye ka, ka ce sashe ne ya turo ka ka ga yadda suke ƙoƙari.

Ranar takarda ta ƙarshe za ku sa fararen riguna abokai su yi ta rubutu a kai da maka: Sanata, Minista, Gwamnan gobe. Adana rigar da kyau, nan da shekara biyu za ta yi amfani wajen goge babur. Kada ka ɗauka ka gama, saura kiliyarans. Laburaren da ba ka taɓa shiga ba sai ya sa hannu cewa ba ka riƙe masa littafi ba, ranar ce za ka fara tambayar inda ƙofarsa take. Asibitin makaranta, ofishin wasanni, ofishin kuɗi, kowa da tambarinsa, mai tambarin kuma "yanzun nan ya fita". Za a nemi rasidin da ka biya a aji ɗaya, wanda ka naɗe ƙosai da shi tun shekara huɗu. A nan ne kuma za ka gano kai mutum uku ne: Muhammad a takardar WAEC, Mohammed a JAMB, Muhammed a katin ɗan ƙasa. Sai ka je kotu ka yi rantsuwa cewa duk kai ne.

Komawa gida matakai ne. Satin farko kai baƙo ne, har kaza za a yanka. Sati na biyu ana kiranka Injiniya ko Barista, maƙwabta na shigowa barka. A sati na uku za a miƙo maka tukunyar gas. Daga nan kai ne mai kai yara Islamiyya, mai layin niƙa, mai gyara wa Hajiya WhatsApp. Ɗakinka kuwa tuni buhunan masara suka gaje shi. Kada ka yi fushi, su aƙalla an san ranar da za su yi amfani.

Ana haka takardar bautar ƙasa za ta fito. Janar Yakubu Gowon ne ya kafa shirin a 1973, bayan yaƙin basasa, don 'yan ƙasa su san juna, kuma lallai za ka san ƙasa: za a turo maka sunan jihar da sai an yi taron dangi an buɗe taswira. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama, takardar yafewa ake ba shi, shi ya sa za ka ga wani da muka yi kaciya tare ya dawo ɗan ashirin da bakwai. Sati uku za ka yi a sansani, begila na tashe ka tun kafin assalatu, kana fareti da farin gajeren wando a gaban sojan da bai damu da darajar digirinka ba. Kakin da za a ba ka an ɗinka shi ne don wani bawan Allah da ba kai ba, telolin kasuwar Mami kuma da haka suke ci. Idan aka zo laccar koyon sana'a, ana nuna yadda ake haɗa sabulu da kiwon kifi, kowa zai yi barci. Kai ka buɗe ido ɗaya.

Bayan sansani, ko Kimiyyar Siyasa ka karanta ko Injiniyancin Ruwa, alli za a miƙa maka. Idan Kudu aka kai ka, kada ka tsorata. Nemi unguwar Sabo in Ibadan ce, ko Ama Hausa in Owerri ce, ko ka bi ƙamshin tsire har ka iske mai shi. Ka yi sallama da Hausa, ka samu masauki da labarin gari kyauta. Alawi kuwa ya tashi daga 19,800 zuwa 33,000 a 2020, ya kai 77,000 a 2025. Da sai in ce ka ɓoye wa mutanen gida adadin, amma sun riga ka ji a rediyo, har ƙanwarka ta zaɓi atamfa.

Ke kuma ƙanwata, taki jarrabawar daban ce. Gwaggo ba za ta tambayi makinki ba. Za ta riƙe kwalin a juye, ta ce, "Masha Allah, to saura ɗayan." Shekara huɗu ana ce miki ki yi karatu ban da kula samari, yau an wayi gari ana tambayarki ina wanda kika fitar. Ki sunkuyar da kai ki ce, "Addu'arku muke nema." In matsin ya yi yawa, ki sayi fom ɗin digiri na biyu, mafaka ce ta shekara biyu, in an yi yaji uku. Turaren wuta da kek ɗin nan da kike tallatawa a WhatsApp kuma kada ki bari. Samarin ajinku da ke miki dariya, ke za su zo nema rance.

Sai neman aiki, wanda shi kansa aiki ne, albashi ne kawai babu. Sayi ambulan ruwan ƙasa guda ashirin. Kowane gida akwai Kawu da ke Abuja wanda zai ce, "Turo min takardunka." Tura, amma ka sani akwai durowa guda da aka ware don irinsu, kuma naka za su tarar da na yayanka a ciki. Sanarwar aiki za ta ce ana neman wanda bai wuce shekara 26 ba mai gogewar shekara biyar, wato wanda ya fara aikin banki yana aji biyu. Shafin cike fom ba ya buɗewa sai ƙarfe biyun dare, ya ɗauke daidai wurin ɗora hoto. Za ka ji an ce wane ya samu, ka tambaya ta yaya, a ce ai yana da uwa a gindin murhu. A nan zan cire wasa kaɗan: duk wanda ya ce ka kawo kuɗi a sayar maka da gurbin aiki, ka riƙe kuɗinka. Gonakin gado da yawa sun tafi a kan takardar ɗaukar aiki da aka buga a shagon da ka buga furojet. Idan kuwa ka ci bashin karatu na NELFUND, wanda ake fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ka yi murna, ka samu hukuma guda da take maka addu'ar samun aiki da zuciya ɗaya.

Kafin nan za ka buƙaci majalisa. Zaɓi bencin mai shayin da ke ba da bashi, ka zauna ɓangaren da inuwa take daɗewa. Kai ne masanin wurin. Kai za ka fassara musu cire tallafin man fetur na 29 ga Mayun 2023, da dalilin tashin dala, da abin da ke damun Arsenal. Zaman kashe wando ake kiransa, don haka ka riƙa sauya wandon.

Wata rana da yamma mota za ta tsaya, a sauke gilashi. Abokinka ne na firamare, wanda ya tsaya a sakandare ya bi kawunsa Kantin Kwari kuna masa kallon tausayi. Yanzu yana da shago biyu, mata da 'ya'ya uku, ya je Makka har ya sa haƙori. Zai ce, "A'a, Dokta! Ana nan?" Ya biya maka bashin shayi, sannan ya ce yana neman mai riƙe masa lissafi. Kada ka amsa nan take, kai mai digiri ne. Ka ce za ka duba jadawalinka. Da asuba ka riga shi zuwa kasuwa. Duk wanda ya gan ka kana auna shadda, ka ce masa, "Ina ɗan taimaka masa ne kafin aikin ya fito."

Ni shekara bakwai ke nan ina faɗar haka. Shagon da nake ciki yanzu nawa ne, kwalina kuma yana ƙasan akwatin Hajiya, tsakanin takardar fili da wata tsohuwar atamfa. In ka gama hidimarka ka biyo ta layinmu, yaron shagona ya samu gurbin karatu zai tafi. Ka taho da ambulan ɗin nan naka, muna ƙarancin abin zuba rasidi.