Waƙar Minti Uku, Musun Wata Shida

Ranar 6 ga Yulin 2023 kamfanin Sun Pictures ya saki "Kaavaalaa", waƙar farko daga fim ɗin Jailer na Rajinikanth. Tsawonta bai kai minti huɗu ba. Amma kafin amshi ya zagayo karo na biyu, rabin jihar Tamil Nadu ya riga ya rantse cewa ba a taɓa yin irinta ba tun da Allah ya halicci kunne, ɗaya rabin kuma ya ce ai yau aka kai kiɗa makwancinsa. 'Yan tsirarun da suka jira ta ƙare kafin su buɗe baki, su aka ɗauka marasa kishi.

A masana'antar fim ta Tamil, wadda cibiyarta ke unguwar Kodambakkam a birnin Chennai, waƙa ce ke riga fim fitowa, kuma ba a sakin ta haka kawai kamar an kwance akuya. Da farko za a sanar cewa gobe da yamma akwai sanarwa. Goben sai a sanar da ranar da za a fito da ɗanɗano na 'yan daƙiƙu. Bayan ɗanɗanon sai waƙar farko, sai ta biyu, sai gagarumin bikin ƙaddamar da waƙoƙin gaba ɗaya. Kowane mataki da nasa musun. Akwai mutumin da kan rubuta sharhi mai tsawo a kan daƙiƙa 30 na ɗanɗano, ya kawo tarihi, ya kawo hasashe, ya yi wa abokan hamayya ta'aziyya, alhali abin da aka ji duka-duka bugun ganga ne da muryar wani yana gyaran murya.

Wanda ya zauna a teburin mai shayi a Chennai ko Madurai zai gane cewa ba waƙar ake yi wa shari'a ba. Shekarun haihuwa ake karewa.

Ga dattijo mai furfura, almajirin Ilaiyaraaja. Gwaninsa ya fara da fim ɗin Annakili a 1976, ya tsara kiɗan fina-finai fiye da 1,000, kuma har gobe waƙoƙinsa ne abokan hirar direbobin motocin dare. Shi wannan dattijo ba zai ce sabuwar waƙa ba ta da daɗi ba, girmansa ya wuce nan. Ajiyar zuciya zai yi, ya girgiza kai, ya zaro waya ya kunno wata waƙa ta wajen 1985. Ba kuma zai bari a ji ta ba. Duk bayan daƙiƙa goma zai tsayar: "Ka ji inda sarewa ta shigo? Dakata in mayar maka. Ka ji gogen da ke ƙarƙashi? A'a, ba ka ji ba." Waƙar minti biyar sai ta cinye awa guda, shayi ya huce, mai sauraro ya manta abin da ya fito da shi daga gida. Abin da dattijon ba ya son a tuna masa shi ne akwai wanda ya girme shi a ƙarshen benci, masoyin M.S. Viswanathan, wanda a wurinsa Ilaiyaraajan nan shi ne yaron da ya fara ɓata harka.

Kusa da shi ga ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mutumin A.R. Rahman. Shi duniyarsa ta fara ne a 1992, lokacin da Mani Ratnam ya ɗauko saurayi mai kiɗan tallace-tallace ya ba shi fim ɗin Roja. Wannan masoyi yana da garkuwar da babu kibiyar da ke huda ta. In aka ce masa sabuwar waƙar maigidan ba ta yi armashi ba, sai ya yi murmushin tausayi ya ce, "Sau nawa ka ji? Sau biyu? Haba. Waƙarsa a hankali take kama jiki, sai ka ji sau goma." In an ji sau goma ba ta kama ba, laifin lasifika ne, a nemo na kunne mai tsada. In an nemo, to laifin kunnen ne. Da musu ya yi zafi zai ɗora lambobin Oscar guda biyu da Rahman ya ɗauko a 2009 a kan tebur ya naɗe hannu. Dattijo kuwa amsarsa a shirye take: ai yaron a ƙungiyar makaɗan Ilaiyaraaja ya yi zaman danna fiyano kafin kowa ya san sunansa. Gaskiya ne kuma. Shekara 30 ke nan ana jifan juna da waɗannan duwatsu biyu, ba wanda ya fashe.

Biyayyar mutanen Rahman ta sha gwaji a Satumban 2023, da aka shirya masa babban wasa a gefen Chennai, cunkoso ya yi yawa har mutane da tikitinsu a hannu suka koma gida ba su shiga ba. Rahman ya yi alkawarin mayar da kuɗi. Ranar dai babu wanda ya ce sai an gwada sau goma.

Sai matasa, rundunar Anirudh Ravichander, mai kiɗan Jailer ɗin kansa. Yana ɗan shekara 21 ya girgiza duniya da "Why This Kolaveri Di" a 2011, wadda Dhanush ya rera. Su waɗannan ba ruwansu da sarewa ko goge. Hujjarsu lissafi ce: mutum nawa suka kalla a YouTube a awa 24 na farko. Yaron da malamin lissafi ya yi shekaru yana fama da shi a kan jadawalin bakwai, yau shi ne ke kawo alƙaluman miliyoyi har da kaso cikin ɗari. Zai kunna waƙar a wayarsa, a ta ƙanwarsa, a ta mahaifiyarsa, ya kashe sautin duka ukun don kada su hana shi barci, ya bar su suna maimaitawa har asuba. Da safe ya fito yana shelar cewa duniya ta saurara. Lokacin da "Rowdy Baby" ta Yuvan Shankar Raja ta kai kallo biliyan 1 a 2020, ta farko daga kudancin Indiya da ta yi haka, an yi ta taya juna murna kamar za a raba wa kowa nasa kason. Yuvan ɗan Ilaiyaraaja ne, don haka dattijon mai shayi ma ya ɗan saci murnar, ko da yake ya ce yaron bai kamo ƙafar ubansa ba.

Masu sukar Anirudh suna cewa hayaniya ce kawai, kuma waƙa ɗaya yake ta canza wa riga. In sun rasa abin faɗa sai su tuna cewa matar Rajinikanth gwaggonsa ce.

Amma inda wasan ya fi daɗi shi ne wannan. Mako biyu kafin "Kaavaalaa", ranar 22 ga Yuni, an saki "Naa Ready" daga fim ɗin Leo, don murnar zagayowar ranar haihuwar jarumi Vijay. Wa ya tsara kiɗanta? Anirudh. Ke nan mutum ɗaya ne, ɗakin kiɗa ɗaya, wataƙila ma kujera ɗaya. A watan Yuni 'yan a-mutun Vijay suka ce yaron baiwa ce daga sama, mutanen Rajini suka taɓe baki. A watan Yuli aka yi musayar kujeru ba tare da kowa ya ji kunya ba. Kunnen masoyi sai ya leƙa fasta ya ga hoton wanda ke kai kafin ya san ko abin da yake ji kiɗa ne ko ƙara.

Daga nan aka saki "Hukum" ta fim ɗin Jailer, wadda Bahaushe yana jin fassararta zai gane gida: kirari ne tsantsa, da habaici ga masu hangen kujerar maigida. Aka zo bikin ƙaddamarwa a babban ɗakin wasanni na Nehru a ƙarshen Yuli, Rajinikanth, tsohon kwandastan bas da ya haura shekara 70, ya hau mumbari ya ba da ɗan labarin hankaka da gaggafa: hankaka na ta tsokana, gaggafa ba ta kula shi, sai dai ta ƙara yin sama. Bai ambaci sunan kowa ba. Ai kuwa kafin gari ya waye jihar ta cika da masana tsuntsaye. Wane ne hankakan? Aka yi ta tafsiri, aka auna tsawon fiffike, aka binciko wanda ya taɓa sa baƙar riga. Mutanen Vijay suka ce da gwaninsu ake, suka ɗaura ɗamara. A watan Nuwamba, wurin bikin nasarar Leo, Vijay ya fara nasa labarin na maharba a daji, yana lissafa namun dajin ya sako hankaka da gaggafa, ɗaki ya kaure da ihu. Sai a Janairun 2024, wurin ƙaddamar da waƙoƙin fim ɗin Lal Salaam, Rajinikanth ya fito ya ce shi fa ba da Vijay yake ba, yaron a gabansa ya girma. Masoya suka saurara cikin ladabi, suka koma suka ci gaba daga inda suka tsaya. Wata shida ana faɗa a kan bikin waƙa, kuma ba a kan waƙa ba.

Akwai kuma 'yan sandan sa-kai masu farautar satar kiɗa. Da an saki waƙa suke bazama, su kwana suna tonon faifan Sifaniya, na Koriya, na Larabawa, har su samo inda ganga ta buga sau uku iri ɗaya, su jera su gefe da gefe su ce an kama ɓarawo. In gwanin wani ne, sata ce. In nasu ne, girmama na gaba ya yi.

Shi Ilaiyaraaja bai tsaya jiran 'yan sa-kai ba, lauyoyi gare shi. A 2017 ya aika wa tsohon amininsa S.P. Balasubrahmanyam, mawaƙin da ya rera masa ɗaruruwan waƙoƙi, takardar gargaɗi yana tsakiyar rangadi a Amurka, cewa ya daina rera waƙoƙinsa a dandali ba da izini ba. A 2024 kuma masu fim ɗin Manjummel Boys na harshen Malayalam suka sami tasu takardar saboda wata waƙa daga fim ɗin Gunaa na 1991. Duk lokacin da haka ta faru, masana tsuntsayen jiya sai su rikiɗe su koma lauyoyin haƙƙin mallaka, kowa da fatawarsa a kan wanda ya mallaki waƙa tsakanin mai kiɗa, mai rerawa da mai zuba kuɗi.

Mai kallo a Kano ko Maraɗi, wanda ya san Vijay da Rajini ta bakin masu fassarar Algaita, yana iya yin dariya ya ce mutanen nan ba su da aikin yi. A wurinsa duk fim ɗin Indiya ne, Tamil da Hindi ba bambanci, kuma zai rera amshin da ƙarfinsa ba tare da ya san ko zagin sa ake ba. Sai dai ya rage dariyar, don a majalisarsu ma akwai dattijon da ya rufe littafin waƙa tun rasuwar Shata a 1999, akwai wanda zai ɓata da abokinsa a kan Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef, akwai kuma yaron da hujjarsa ɗaya ita ce yawan waɗanda suka kalli "Jaruma" ta Hamisu Breaker. Batun farautar satar kiɗa kuwa, gara Kannywood ta sunkuyar da kai ta wuce, kada mutanen Indiya su waiwayo su nemi a yi lissafi.

Hukuncin da ya fi kowane gaskiya a kan kiɗan Jailer daga bakin jarumin fim ɗin ya fito. A taron murnar nasara Rajinikanth ya faɗa a bainar jama'a cewa da ya kalli fim ɗin kafin a sa masa kiɗa bai wuce matsakaici da kaɗan ba, Anirudh ne ya ɗaga shi. Mutanensa da suka yi makonni suna rantsuwa cewa ko ba kiɗa maigida ya isa, suka yi kamar ba su ji ba. Mai kamfanin, Kalanithi Maran, ya san haka sarai: ya miƙa wa Anirudh cek da makullin sabuwar Porsche. Yaron nan mai wayoyi uku kuwa, kuɗin datar da ya ƙona har asuba daga aljihunsa suka fita.