Yadda Ƙaramin Malamin Jami'a Zai Fitar da Maƙala Kafin Furfura

Ranar Talatar da ta wuce maƙalata ta dawo daga wata mujalla bayan wata goma sha ɗaya. Mai bita na farko ya ce ta yi. Na biyu ya ce in rushe ta tun daga tushe, in kuma karanta wasu ayyuka huɗu, waɗanda da na duba duk na mutum ɗaya ne. Ku da ke jiran ƙarin girma kun san wannan ciwon, don haka ba zan tsaya koya muku zaɓen batu ba.

Na ɗaya, ka buɗe lambar shaidar mai bincike ta ORCID yau, kyauta ne, ka tsayar da suna guda. In a wannan maƙala kai Muhammad ne, a waccan Mohammed, a ta uku Muh'd, Google Scholar zai raba ka gida uku, kuma babu kwamitin da zai zauna ɗinke ka.

Na biyu, ka koyi manhajar Zotero mai jera madogara. Kowace mujalla da salon da take so a jera madogara, da hannu kuwa sai ka kwana kana matsar da waƙafi.

Na uku, ka ware lokacin rubutu. To, a nan zuciyata take tafasa. Wane lokaci? Kai ne mai kwas ɗin 'yan aji ɗaya, ɗakin ya cika har kan taga. Kai ne jami'in jarrabawa, kai ne mai rubuta bayanin taron sashe. Takardun jarrabawa a buhun shinkafa nake ɗaure su a bayan babur, in yi ta maki har jan biro ya ƙafe. Ka buɗe kwamfuta, a ɗauke wuta. A dawo da ita, sai ƙwanƙwasa ƙofa: "Malam, don Allah sakamakona bai fito ba." Shi ma da gaskiyarsa, dole ka tashi. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, lokaci ya samu har wata takwas, amma an riƙe albashi. Wa zai yi nazari yana lissafin kuɗin cefane?

Na nawa ma muke? Bari kawai in ci gaba. Duk imel ɗin da ya kira ka babban farfesa, ya yi alkawarin buga aikinka cikin mako guda, ka goge shi. Jeffrey Beall ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu na cin kuɗi kafin ya rufe jerin a Janairun 2017, kuma har yau suna hayayyafa. Ka duba ko mujallar tana cikin jerin DOAJ ko Scopus kafin ka tura ko sisi. In mujallar kirki ta nemi kuɗin bugu da dala, alhali ka san yadda darajar naira ta faɗi tun Yunin 2023, ka rubuta ka nemi a yafe maka, wasu suna yafewa. Ka kuma nemi tallafin bincike na TETFund.

Sai babban da zai ce a sa sunansa a maƙalar da ko shafi bai buɗe ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ga sashen nazarin sakamako, a taimaka a gyara mana." In ya gyara, ya ci suna.

Akwai shawara kan taron ƙara wa juna sani, amma buhu biyu na jira na, ga mai bita na biyu yana jiran amsa.