Gidan Gyam, Inda Ba a Taɓa Cin Kowa Ba

Daga Ƙofa zuwa Kwanar Dangora, daga Tudun Wada har Riruwai can cikin duwatsu, da wuya ka shiga gari mai kasuwa ka rasa wani ɗan shago da labule a ƙofa, ƙaramin inji na kuka a waje, silifa sun yi tsibi a bakin shiga. Nan ne gidan gyam. A ciki akwai talabijin biyu ko uku, da benci, da manyan masana ƙwallon ƙafa na duniya, waɗanda rabonsu da taka leda da ƙafarsu tun suna firamare.

Abin al'ajabin wurin shi ne, daga safe har dare ƙwallo na shiga raga, amma har yau ba a samu mutum ɗaya da aka ci ba. Kowa gwani ne, sai dai tsautsayi.

Tun kafin a take wasa ake fara musu. Akwai 'yan PES, akwai 'yan FIFA, kuma kowane ɓangare na ganin ɗayan a kan ɓata yake. Kamfanin Konami na Japan ya sauya wa PES suna zuwa eFootball tun 2021. Shi ma kamfanin EA ya raba gari da hukumar FIFA a 2023, bayan shekara 30 ana tare, ya koma kiran nasa EA Sports FC. Wannan labari bai dami kowa ba a Ƙofa. Sunan da aka raɗa tun farko shi ake kira. A wasu shagunan ma PlayStation 2, wadda ta fito tun 2000, ita ke kan aiki, an dai yi wa faifan kwaskwarima an cusa Mbappé a ciki, da fuskar da ko mahaifiyarsa sai ta nemi shaida.

Sai zaɓen ƙungiya. Mutumin da ya wuni yana wa'azin kishin ƙasa a majalisa, ka ce ya ɗauki Super Eagles, sai ya gyara zama ya ce: "Mutumina, kishin ƙasa daban, kuɗin gyam daban." Kowa Real Madrid yake so, in an riga shi ya ɗauki Manchester City yana gunaguni. Ko Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars da ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018, bai samu karɓuwa a gyam ba sai da ya koma Leicester a 2016, aka gano ba mai kamo shi da gudu a FIFA 17. Dabarar da yawancin gwanayenmu suka sani ke nan: a tura wa mai gudu ƙwallo, a danne maɓallin gudu har yatsa ya yi kanta, sauran kuma a bar wa Allah.

Dokar gida sananniya ce: wanda aka ci shi ke biya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, mai shago ya daina wasa da wannan doka, ita ce kuma uwar duk wani uzuri.

Uzuri na farko, hannun gyam. "Wannan hannun bokis ɗinsa ba ya ɗauka." A yi musanya, a sake lallasa shi da hannun da ya yi zargi, sai ya ce ai wancan ɗin ya jiƙe da gumi. Na biyu, kwamfuta. "Gyam ɗin ne yake son ka yau, ba ka ga gola na ya tsaya yana kallo ba?" Na uku, rafali. Alƙalin da ba ya ci, ba ya sha, ba shi da aljihu, shi ma an sha rantsuwa cewa ya karɓi na goro. Na huɗu shi ne sarkinsu. Ana cin mutum huɗu ba ko ɗaya, saura minti biyar a tashi, sai mai ya ƙare a inji. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Zai miƙe ya kaɗe riga ya ce: "Wallahi Allah ne ya cece ka, yanzu na fara gano lagonka."

Ranar tonon asiri ita ce ranar da yaro ɗan shekara goma, wanda aka aika niƙa ya ajiye roba a bakin ƙofa, ya zauna da mai gemu. Kafin hutun rabin lokaci ya zuba masa uku, ya kuma ƙi tsallake maimaicin, sai an kalli kowace ƙwallo ta gaba da ta baya. Da an tashi ya ɗago kai cikin ladabi ya ce: "Yaya, a ƙara?" Nan take Yaya zai tuna da tarbiyya: "Kai, ɗan gidan wa ne? Ba ka zuwa Islamiyya ne? Tashi ka kai niƙan nan!"

A bayansu kuwa ga kociyoyi a tsaye, ba mai ko sisi a cikinsu, amma kowa na ba da umarni: "Ba shi! Yanke shi! Buga mana!" Miƙa wa ɗayansu hannu, sai ya ce yau yatsansa na ciwo.

Gaskiya wasan da daɗi, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Sai da ido, da saurin yatsa, da karanta zuciyar na kusa da kai. Ihun da ake yi in ƙwallo ta shiga a minti na 90 ko a filin Sani Abacha sai haka. Ya kuma fi zaman banza a bakin titi, muddin dai "saura minti biyu" ba ta cinye sallar La'asar da aikin gona ba.

Sai dai halin nan bai tsaya a gidan gyam ba. Ɗalibi in ya yi nasara ya ce "na ci", in ya faɗi ya ce malam ne ya kayar da shi. Ɗan acaɓa in ya afka rami, mai gyara ne bai ɗaure birki ba. Ɗan takara kuwa ba a cewa komai: zaɓen gwamnan Kano na 2023 sai da ya dangana da Kotun Ƙoli a Janairun 2024. Shi ya sa har gobe ake ba da labarin wayar da Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari a 2015, don amsa kaye abu ne da ba mu saba gani ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Don haka, ɗan'uwa, in an sake lallasa ka, kada ka zagi hannu, kada ka tuhumi rafali. Ajiye hannun a hankali, ka biya mai shago kuɗinsa, ka dubi abokin wasanka ka ce: "Ka fi ni." Daga ranar ne za ka fara iya wasan.