Jinjina ga Ingila da Faransa, Masu Haƙuri da Juna

A cikin halayen da Turawan mulkin mallaka suka nuna a ƙasar Hausa, babu wanda ya cancanci yabo kamar haƙurin da suka yi da junansu. Ingila da Faransa sun shafe fiye da shekara 15 suna hararar juna a kan ƙasar da ke tsakanin Kwara da Tafkin Chadi, kowa da sojansa da igwarsa da tutarsa, amma har aka gama rabon rundunoninsu ba su gwabza ba ko da sau ɗaya. A ƙasar Bargu, cikin 1897 da 1898, sansanonin ɓangarorin biyu sun kusanci juna ƙwarai, jaridun London da Paris suna ta zuga, ministan mulkin mallaka na Ingila Joseph Chamberlain ya sa Lugard ya haɗa runduna musamman saboda wannan faɗa. Duk da haka aka kai zuciya nesa, aka zauna a Paris, aka sa hannu a takarda ranar 14 ga Yuni, 1898. Madalla da masu sanin darajar rai. Sun san jinin Bature yana da tsada, bai kamata a zubar da shi saboda ƙasar baƙar fata ba. Wanzami dama ba ya son jarfa.

A yaba musu kuma da faɗin gaskiya. Tun a watan Agusta na 1890 suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a gaɓar Chadi, arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, kuma Salisbury, firaministan Ingila na lokacin, bai ɓoye ba, ya faɗa a bainar jama'a cewa suna ta yi wa juna kyautar duwatsu da koguna alhali ba su ma san inda suke ba. Wane mai kyauta ne ya kai wanda ke bayar da abin da bai taɓa gani ba? A 1898 aka ƙara gwaninta. Aka kafa tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato, aka buɗa shi mil 100, aka zagayo, abin da ya faɗa ciki na wannan, abin da ya faɗa waje na wancan. Sarkin Musulmi Abdurrahman yana kan gado a lokacin, ba a dame shi da tambaya ba. A ƙasar Daura sarauta uku ce ke akwai, ta Fulani a cikin birni, da ta gidan sarakunan farko a Zango da Baure, ga kuma Damagaram da ikonta ya mamaye yankin. Su ma an tausaya musu, an ɗauke musu wahalar ba da shawara.

Kada mai karatu ya zaci albarushin da aka tanada don wannan yaƙi ya tashi a banza. Turawa ba sa almubazzaranci. Tunda ba za a harbi juna ba, kuma ƙa'idarsu ita ce wanda ya riga taka ƙasa shi ke da ita, sai kowa ya yi hanzarin takawa. Faransa ta turo runduna ƙarƙashin hafsoshinta Voulet da Chanoine. A 1899 suka ratso ta ƙasar Arewa da ke cikin Nijar ta yau, suka yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, suka shiga Birnin Ƙonni a watan Mayu suka karkashe mutanen gari. Kanar Klobb da aka aiko ya bi sawunsu bai sha wahalar neman hanya ba, ƙauyukan da aka ƙone da gawarwakin da aka bari su suka yi masa jagora, har da yara mata a rataye a bishiya. Da ya cim musu kusa da Tasawa, ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi, kuma a nan ne Faransa ta girgiza da gaske, domin an taɓa jinin da ba a taɓawa. Sauran rundunar ba ta juya ba. Ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen wannan wata, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Ingila ma ba ta bari an fi ta himma ba: Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, sannan Burmi a Yuli, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da ɗimbin waɗanda suka yi hijira tare da shi. Yaƙin Ingila da Faransa an yi shi sosai, kuma mu ne muka yi jana'iza.

Inda na fi jinjina musu shi ne cinikin 1904, domin a nan abin ya zo ƙofar gidanmu. Da'irar 1898 ta tura Faransawa can arewa cikin ƙasa mai ƙarancin ruwa, ayarinsu daga Kwara zuwa Damagaram yana shan ƙishi a hanya. Suka kai kuka, Ingila kuwa mai tausayi ce. Ita ma tana da wata damuwa a can wata uwa duniya: masuntan Faransa suna da tsohon haƙƙin kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Newfoundland. Ranar 8 ga Afrilu, 1904 aka daidaita. Faransa ta saki haƙƙinta na gaɓar, Ingila ta ba ta tsibiran Los da ke kusa da Konakiri, da wani yanki a bakin kogin Gambiya, ta kuma yarda a matso da iyaka kudu domin ayarin Faransa ya samu hanya mai rijiyoyi. Rijiyoyin nan kakannin wasu ne suka gina su da hannunsu, garuruwan da ke kewaye da su akwai mutane a ciki, aka haɗa su duka aka musanya da kifin da ba su taɓa jin sunansa ba. Ɗan Daura da ya tashi da labarin Kusugu ya san sharrin mai tsare ruwa. Amma macijin nan da Bayajida ya sare, duk muguntarsa, yakan bar mutane su ɗebi ruwa ran Juma'a, kuma ba a taɓa cewa ya sayar wa baƙo rijiyar da mutanen cikinta ba. Wannan hikima sai masu ilimin zamani.

Za a ce ai Turawan Ingila ne suka maido da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, gidan da ya bar birni tun zamanin jihadi ya koma mazauninsa. Gaskiya ne, kuma mutanen Daura suna da dalilin tuna wannan da farin ciki. Sai dai an yi kyautar ne bayan an yanke ƙasar, an bar dangi da gonaki da makiyaya a tsallake, wajen Magarya da Matamai, a hannun wata gwamnati mai wani harshe. Ana cewa ba a raba hanta da jini, su kuwa sun raba, har sun sa alama. Daga 1906 zuwa 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi dajin tare, cikin ladabi da girmama juna, suka kafa alamomin iyaka 148 daga Kwara har Chadi.

Zumuncin nasu ya fi bayyana a 1906. Talakawa suka yi bore a ƙasar Zabarma da ke hannun Faransa, jagoransu Shu'aibu Ɗan Makaho ya tsallako zuwa Satiru kusa da Sakkwato, can ma wuta ta kama. Abokan gabar jiya ba su tsaya gardamar ko na wane ne mai laifi ba. Faransa ta murƙushe nata ɓangaren, Ingila ta shafe Satiru daga doron ƙasa a watan Maris, aka kashe mutane kusan 2,000.

Sannan a yaba wa ƙarkon aikin. Gini nawa aka yi a wancan zamani da ya rushe, amma layin nan yana nan daram. Ɗan wa yana karatu da Turanci a Mai'aduwa, ɗan ƙane yana yi da Faransanci a Matamai. Mai kai gero kasuwa yana lissafi da naira a nan, da sefa a can, kuma idan ya kauce wa shingen Kongolam ya bi hanyar da kakansa ke bi da jaki, sunansa ɗan fasa-ƙwauri. Masu zanen sun tattara sun tafi tun 1960, ba su bar ko soja ɗaya ya tsare musu layin ba, don sun san sun bar shi a hannun amintattu. Mu muka rufe shi a Agustan 2019 har fiye da shekara guda, muka sake rufe shi a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, motocin kaya suka yi layi, abinci ya yi tsada a ɓangarorin biyu, masu zuwa biki da ta'aziyya suka koma bin daji a kan babur. Masu gadin shingen 'ya'yanmu ne, albashinsu kuma daga harajinmu yake fita.