Masu Karatun The Circle, Kowa da Irin Ciwonsa

A 2013 Dave Eggers, marubuci ɗan Amurka, ya fitar da The Circle, labarin Mae Holland da ta samu aiki a wani katafaren kamfanin intanet a Kalifoniya. Abinci kyauta, shagali kusan kullum, amma allunan kwamfuta sai ƙaruwa suke yi a teburinta, kuma idan abokin ciniki ya ba ta maki 99, sai ta bi shi da tambayar inda ɗayan ya maƙale. A ganina, martanin mai karatu ya fi nuna kujerar da yake zaune a ofis fiye da ingancin littafin.

Akwai Malam Gyara, injiniyan da ke karatu da jan biro. Shi dai an ɓata masa rai domin marubucin bai san yadda manhaja ke aiki ba. Yana da hujja, tunda Eggers da bakinsa ya ce bai ziyarci irin waɗannan kamfanoni ba kafin ya rubuta. Sai dai labarin bai yi alkawarin koyar da sana'a ba. Inda aka titsiye Mae don ta tafi tuƙa kwalekwale ita kaɗai ba ta sanar a shafin kamfani ba, nan zancen yake, kuma nan Malam Gyara ke saurin juya shafi. Kusa da shi akwai Sarkin Nuni, wanda kowane babi sai ya ce, "Wallahi ogana ne sak!" Kowa na ofis ya gano a ciki, har mai shara, ban da mutum ɗaya. Shi kuwa oga ya yi dariya har da hawaye, ya saya wa ma'aikata littafin, ya sa taron tattauna shi bayan an tashi aiki, halarta ba dole ba ce amma ana rubuta suna.

Za a ce wasu sun karanta da gaske, sun tsorata. Haka ne, amma dubi abin da suka yi da tsoron: suka ruga Goodreads suka danna wa littafin taurari biyar, suka zuba dogon wa'azi a Facebook kan sharrin Facebook, suna leƙawa bini-bini su ga mutum nawa suka yaba. Wanda ba na iya zargi shi ne matashin da ya gama digiri yana yawon neman aiki. Ya karanta har inda Mae ta rataya kyamara a wuya duniya na kallonta, ya rufe littafin, tambayarsa ɗaya: "To, suna ɗaukar ma'aikata yanzu?"