Direba, a Ina Za Mu Tsaya?

Mu mutanen unguwar nan ta Kano Allah ya ɗora mana tafiya. Yau biki a Kaduna, gobe gaisuwar rasuwa a Suleja, jibi kai yaro makaranta Zariya, da wuya mako ya fita ba a yi wa wani gida Allah ya kiyaye hanya ba. In aka zauna majalisa bayan Isha'i, abin da ake tambayar mai shirin tafiya bai wuce uku ba: a tashar Unguwa Uku zai hau ko a ta Na'ibawa, ƙarfe nawa zai yi sammako, nawa kuɗin mota ya kai yanzu. Maganar inda za a tsaya kuwa sai mu bar wa direba ita. Alhali daga nan ake samun wanda zai sauka da sauran ƙarfinsa, da wanda sai an kwana biyu ana yi masa sannu.

Direban haya yana da wurinsa, wannan kowa ya sani. Akwai mai abincin da ta san ƙarar motarsa. Kafin ya kashe inji an zuba masa shinkafa da wake, an ɗora masa tsoka mai kyau, kuma ba zai biya ko sisi ba, tunda ya kawo mata masu saye mota guda. Ni ban ga laifinsa ba, sana'a ce, kuma mutumin da ya riƙe sitiyari tun Asuba ya cancanci ya ci ya ƙoshi. Sai dai wurin da ya yi wa direba daɗi ba lallai ya yi wa tsohuwar da ke kujerar baya daɗi ba.

Mu maza kuma muna da namu ma'aunin. Mun gaji wata magana daga manya, cewa inda ka ga direbobin tirela sun yi dafifi, nan abinci yake. Akwai gaskiya a ciki. Wurare irin su Mararraban Jos da Tafa, tukunya ba ta kwana, ana saukewa ana ɗorawa, don haka da wuya a zuba maka miyar jiya. Mai tsire yana yanka yana gasawa a gabanka, mai shayi butarsa na kan wuta dare da rana, ga mai faci da bakanike a kusa ko da taya ta yi sanyi ko lagireto ya ɗauki zafi. Mun kuma san abin da ake saye a ina. A kakar tumatir, motar da ta wuce Kwanar Gafan ba ta tsaya ba sai an yi ƙorafi a cikinta. Wajen Kura shinkafa, wajen Dikko da Sabon Wuse doya, Zuba kuwa ayaba da lemo da abarba, tsarabar yara ke nan in an juyo gida.

To amma ku tambayi matan gidajenmu yadda suke yin wannan tafiyar. Goggo ta gidan kusurwa, in za ta Abuja wurin 'yarta, tun daren jiya take daina shan ruwa. Da safe ko koko ba ta kurɓa. A mota a miƙa mata fiya wata, sai ta ce, "Sha abinka ɗan nan, ni ba na jin ƙishi." Leɓenta kuwa ya bushe har ya tsage. Ƙishi tana ji, tsoron fitsari ne ya hana ta. Ta san in an tsaya, maza za su ɗauki buta su zaga bayan katanga, minti biyu sun dawo, ita kuwa sai ta tsaya tana waige-waige da mayafinta a hannu, ba ta ga inda mace mai kamun kai za ta tsuguna ba. Haka za ta daure daga Kano har Zuba, tafiyar da ta kusa kilomita 400, cikin zafin bazara, ga ta da hawan jini. Ba ita kaɗai ba ce. Masu ciki haka suke yi, masu goyo haka suke yi, 'yan mata kuwa kunya ba za ta bar su su ce uffan ba ko da mararsu za ta fashe.

Wannan abin yana ci mini rai, domin gyaransa ba wuya. Wurin tsayawa na ƙwarai shi ne inda Goggo za ta sauka ta kama ruwa hankali kwance. Ga yadda ake gane shi: banɗakin mata daban da na maza, ƙofarsa da sakata, akwai ruwa a randa ko a famfo, akwai wani zaune a bakin ƙofa yana karɓar 'yan canji. Kada kuɗin nan ya ba kowa haushi. Banɗakin da ake biya shi ake wankewa. In ka leƙa ka ga tsintsiya a jiƙe, ga butoci a jere cike da ruwa, ga ƙamshin maganin wanki, to koma mota ka ce mata su sauko. Manyan gidajen mai na bakin gari sukan fi samun wannan tsari, sau da yawa har da ɗan masallaci mai labule a gefe.

Salla ma tana cikin lissafin. Malaminmu na masallacin unguwa yakan tuna mana cewa addini ya sauƙaƙa wa matafiyi: mai raka'a huɗu ta koma biyu, kuma ana iya haɗa Azahar da La'asar. Ke nan tsayawa ɗaya mai kyau ta isa mutum ya yi alwala a natse, ya yi sallolinsa biyu, ya ci abinci. Amma sau nawa muke ganin an ratse a gefen kwalta, an shimfiɗa kwali a kan tsakuwa, liman yana karatu tirela tana wucewa tana kaɗa masa riga? Mata kuma suna cikin mota a zaune, sai an isa su rama. In da an ƙara minti goma gaba, ga gari, ga masallaci, ga inuwa.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su ya da zango a inda gajiya ta kama su. Jagaba ne ke yin gaba ya duba ruwa da ciyawa da lafiyar wuri, sannan madugu ya ce a sauke kaya. Mu da muke da waya a aljihu, kiran ɗan'uwa ɗaya da ya bi hanyar makon jiya ya ishe mu.

Akwai kuma inda ba ma tsayawa, kuma a kan wannan bakinmu ɗaya. Shekarun da masu garkuwa da mutane suka addabi hanyar Kaduna zuwa Abuja, sunayen Rijana da Katari sun shiga bakin kowa, har mutane suka koma jirgin ƙasa da aka buɗe a 2016, shi ma aka kai masa hari a watan Maris na 2022. Tun daga lokacin muka koyi cewa duk abin da za a yi, a yi shi a Kaduna: a sha mai, a duba taya, kowa ya zaga, sannan a miƙe. Ba a tsayawa a dokar daji don yaro ya ce fitsari, shi ya sa ake sa shi ya yi tun a gari ko bai ji ba. In Magariba ta kawo kai mutum bai bar Kaduna ba, ya kwana. Wane ne a cikinmu ba shi da ɗan'uwa ko aboki a Kawo ko Tudun Wada ko Rigasa? Sannu ba ta hana zuwa.

Sai tankar mai. Wuraren nan da muke yabon abincinsu, su ne kuma inda tankoki ke jeruwa a gefen titi, ga mai shayi da wutarsa a gindinsu. A faka nesa da su, a tako da ƙafa. In kuwa aka tarar tanka ta faɗi, ba kallo, ba ɗaukar hoto, balle ɗaukar jarka. A Majiya ta Jihar Jigawa, watan Oktoba na 2024, mutum sama da 150 suka rasu a irin wannan. Wata uku bayan nan, a Janairun 2025, aka sake yi a mahaɗar Dikko, kan wannan hanya tamu, sama da 80 suka tafi. Allah ya jiƙansu.

Masu motar kansu su ne suka fi ba ni tsoro, domin ba fasinjan da zai yi musu magana. Alhaji ya ɗebo iyali, ya ce shi ba ya tsayawa sai Kaduna, ya jefa goro a baki, ya ƙara sautin rediyo. Wucewar Jaji ido ya fara lumshewa. Goro ba ya biyan bashin barci. Jami'an kiyaye haɗurra kullum kiran da suke yi ke nan, direba ya huta in ya yi 'yan awanni yana tuƙi. Hajiya da ke gefensa ita ke fara ganin kansa yana rinjaya, kuma tana da ikon ta ce, "Alhaji, don Allah mu tsaya a garin gaba, yara su miƙe ƙafa." Ya tsaya ɗin, ya wanke fuska, ya kishingiɗa ko na minti ashirin ne.

A motar haya ma magana tana aiki in an yi ta da wuri kuma da ladabi. Tun ana lodi a tasha, namiji ɗaya ya matsa kusa da direba ya ce, "Malam direba, muna da iyaye mata a motar nan, a taimaka a tsaya mana inda akwai banɗaki mai kyau da masallaci." Yawancinsu ba sa ƙi. Sun san hanyar gari-gari fiye da mu, sun san gidan man da ke da ruwa da wanda famfonsa ya ƙafe, ba a dai tambayarsu ne. Wani ma zai ce a tsaya sau biyu, ɗaya a Zariya don mata da yara, ɗaya a wurin mai abincinsa.